Makullin sirri ba ya kwana a burauza

Tambayoyin wannan mako duk sun taru a kan masu haɗa shafin intanet da API na waje, wato ƙofar da shafi ke bi ya karɓo bayanai daga sabar wasu. Bari mu fara da mai sauƙi.

Nasiru, Gusau: Malam, idan na kira API ta Postman bayanai suna zuwa lafiya lau, amma a shafina sai jan rubutu mai ɗauke da CORS. Me na ɓata?

Ba ka ɓata komai ba, Nasiru. Postman manhajar gwada API ce, ba burauza ba ce, ba ta damu da dokar CORS ba. Burauza ba ta barin shafinka ya karanta amsa daga wani adireshi sai sabar can ta aiko da izini mai suna Access-Control-Allow-Origin. A sabar ake gyaran. In ba taka ba ce, ka bi ta taka sabar ta kawo maka. Ƴar manhajar nan da ake liƙa wa Chrome don kashe CORS kuwa, kwamfutarka kaɗai ta yaudara.

Sadiya, Birnin Kebbi: Ina haɗa wa yayana shafin sayar da shinkafa da React. Na zuba makullan Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, duka biyu a fayil ɗin saituna na .env, abokin karatuna ya ce sun ɓoyu. Gaskiya ne?

Ƙanwata, abokin nan naki ya ci bashin bulala. Wannan tambaya tana dawo mini kamar zazzaɓin damina, kuma kullum sai raina ya ɓaci. Duk abin da kika sa wa suna mai farawa da REACT_APP_, ko VITE_ in da Vite kike aiki, ana dunƙule shi cikin JavaScript ɗin da ke sauka a wayar duk wanda ya buɗe shafin. Fayil ɗin .env yana zaune a kwamfutarki, amma abin da ke cikinsa ya riga ya fita kasuwa. In kina musu, buɗe shafin, danna F12, ki nemi sk_ a cikin fayilolin. Za ki gan shi tsirara. Kin garƙame shago da kwaɗo, kin rataye makullin a jikin ƙofa.

Ba banza aka ba ki makulli biyu ba. Mai farawa da pk_ na fili ne, don shafi aka yi shi, kowa ya gani ba komai. Mai farawa da sk_ na sabar ne kaɗai, domin wanda ya riƙe shi yana magana da bakin yayanki: ya leƙa cinikinsa, ya ga bayanan masu saye. Sai ki rubuta ƴar ƙaramar sabar, ko da da Node.js ne, makullin ya zauna can. Shafi ya tambayi sabarki, ita ta tambayi Paystack. Kuma kada ki yarda da shafi in ya ce an biya kuɗin buhu, sabar ce za ta tabbatar kafin a ɗora kaya a mota. Na san wasu za su ce ai shafin ƙarami ne, wa ya san da shi? Ɓarayin yanzu ba sa yawo da ƙafa, manhajoji suke saki suna sintiri a GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja, dare da rana suna tsintar makullai. In kin taɓa tura shi can, goge layin bai isa ba, yana nan a tarihin ajiyar. Ki soke shi yau ki ciro sabo. Ni ɗabi'ata, ba na taɓa makullin gaske sai ranar buɗe shafi, da sk_test_ nake ta fama har zuwa lokacin.

Bello, Yauri: Shafina yana ɗauko hasashen ruwan sama daga Open-Meteo don manoma. In sabis ya yi rauni sai ya yi ta juyawa, wani lokaci kuma ya ba ni 429.

429 na nufin ka cika naci, Malam Bello, ka rage yawan kira. Hasashen ruwa ba ya canzawa duk daƙiƙa. Ka ajiye amsar ƙarshe a localStorage, ma'ajiyar cikin burauza, ka nuna ta da lokacin da aka ɗauko ta, sannan ka sa AbortController ya yanke kiran bayan daƙiƙa 10. Ka kuma fita ƙauye ka gwada da ƙaramar waya, ba ka zauna kusa da rauta a ofis ba.