Amsa ga mai tashi 4:30 kuma kullum a makare

Wayyo 'yar uwa, sau biyu na karanta tambayarki sannan na ajiye wayar na yi shiru, don wallahi kamar ni ce na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Yara uku har da na goye, aiki ƙarfe 8, kina tashi 4:30 amma duk da haka sai kin makara, kullum da ihu ake fita gidan, shi ne kike tambaya ko ki koma tashi 3:30 ne, ko akwai mai taimtebur ta taimaka miki. Taimtebur kam na ga matan gidan nan sun turo miki kala-kala, Allah ya saka musu da alheri. Ni dai roƙona ɗaya ne, dan Allah kar ki koma 3:30. Na yi shi, wata huɗu cur, kuma na ga inda ya kai ni.

Lokacin nima uku gare ni, babbar tana aji biyu, mai bi mata shekara biyu da rabi, sai jariri ɗan wata biyar. Ba na kwanciya sai wajen 11:30 saboda wanke-wanke da shanya da sauran tarkace, alam ya buga 3:30, a tsakani kuma jariri ya tashi shan nono sau biyu wataran sau uku, ki lissafa da kanki. Kuma fa alfahari nake yi da abin, in aka taɓa hira a ofis har cewa nake ni ai barci ba ya gabana. Ashe barci ɓarawo ne, in ba ki ba shi da daɗi ba zai ƙwata da ƙarfi.

Ranar wata Laraba ce, har gobe ban manta ba. Ina guga a ƙasa a falo, na shimfiɗa yunifom ɗin babbar, na goge hannu ɗaya, na tsayar da dutsen gugar a gefe na ce bari in ɗan jingina da bango bayana ya huta. Iyakar abin da na sani kenan. Ƙarar yarona ce ta tashe ni, wata irin ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, ashe ya farka ya laluba bai ji ni ba ya biyo haske ya fito, yana layin barci ya dafa dutsen da tafin hannunsa gaba ɗaya. Kin san har yau in na ji ƙaurin kaya a wuta sai cikina ya juya. Na sure shi ina salati ina kuka yana kuka, jariri ya tashi shi ma ya ɗauka, a ruɗe na kwaso man goge baki na lafta masa don haka na taso na ji ana faɗa. Sai da muka je asibiti nas ta yi min faɗa tana wanke hannun yaron yana ihu, ta ce ƙuna ruwa mai sanyi ake sakar mata daga famfo kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba man goge baki ba. Ku riƙe wannan dan Allah ko da ba ku ɗauki komai a surutuna ba.

Amma abin da ya fi ƙunar ci min rai, yayar maigidan ce. Ta zo mana da sunan sati biyu za ta yi, lokacin tana cikin wata na biyu. Ɗakinta na jikin falon, kuma na san idonta biyu don kullum da asuba ina hango hasken wayarta ta ƙasan ƙofa, ita ma mai tashin wuri ce. Yaron nan ta ƙofarta ya wuce. Ta fito tana gyara ɗankwali, ba ta kalli hannun ba ma, ni ta kalla daga sama har ƙasa ta ce, "Ke anya uwa ce kuwa? Mu da muka haifi bakwai ba mu taɓa ƙona ko ɗaya ba." Muna hanyar asibiti ta riga ta buga wa dangi kaf, kafin azahar kira ya fi goma, kowa da irin tasa, wai an ce ina barci na bar yaro da wuta, wata ma cewa ta yi ai dama aikin ofis da tarbiyya ba sa haɗuwa. Matar da wata biyu ko kofin da ta sha ruwa ba ta taɓa ɗaurayewa ba! Sai na haɗa mata ruwan wanka kafin in fita, abin karinta daban don ba ta cin irin na yara, in na dawo in tarar da kwanukan a ƙofar ɗakinta an turo su waje kamar otal. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa kawo jaririn in riƙe miki ki yi wanka ba, da shi nake shiga bayi in kwantar da shi a baho kan tawul. Shi kuma ɗan'uwan nata yana tsaye ta faɗi maganar nan bai ce uffan ba, daga baya da na yi masa ƙorafi wai in yi haƙuri babba ce. Na ce na yafe kuma ina ƙoƙari, amma kwanaki da ta zo ta kama hannun yaron tana juyawa tana nuna wa 'yarta tabon, sai da na shiga kicin na sha ruwa kafin in iya fitowa. Kai, bari in bar zancen nan, ba shi kika tambaya ba.

Likitan da ya duba yaron a asibiti ne ya dube ni ya ce madam awa nawa kike barci, na ce huɗu, na ƙara ne ma don kunya. Ya ce babban mutum aƙalla awa 7 yake buƙata, kuma an gwada an gani wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa yana komawa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ni da ban taɓa ko shinshina ta ba, ashe a haka nake kunna gas ina riƙe jariri. Ya sa aka auna jinina aka tarar ya yi ƙasa sosai. Kema ki je a auna ki, ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo irin gajiyar da ko kin yi barci ba ta sakin ki, kar ki zauna kina ce wa kanki raguwa.

To abin da na gane bayan nan, awa ɗayan da nake ƙarawa da asuba ba riba ba ce, bashi ne, don in ban ƙoshi da barci ba aikin minti goma sai ya ci min ashirin, in buɗe firij in tsaya ina tunanin me na zo ɗauka. Sai na juya lissafin. Na fara da ƙarfe nawa zan kwanta. Yanzu 10 ta yi min a gado ko da kwanuka sun kai rufi, in tashi 5, kuma wallahi na fi isa aiki da wuri a kan lokacin 3:30.

Guga da safe na haramta wa kaina har abada, wannan kam kin san dalili. Ranar da ba aiki nake goge na sati gaba ɗaya in rataye, kowane yunifom da singiletinsa da safarsa a cusa a aljihu. Safa! Ban san aljanin da ke ɗauke ƙafa ɗaya ba, ƙarshe na sayo musu iri ɗaya kala ɗaya da yawa, duk biyun da aka ɗauka sun dace. Akwai kwando a bakin ƙofa, jaka da takalmi da gorar ruwa da makullin gida da katin aikina duk nan suke kwana, abin da bai shiga kwandon da dare ba to ya bi mu bashi. Aikin da aka ba su a makaranta da sa hannu a littafi tun yamma, don babu abin da ke tayar min da hawan jini irin yaro ya tuna da asamen muna bakin get.

Sannan ki ɗauki agogo ki auna kanki kwana uku kawai, ki rubuta. Ni da a kaina wankan yaro minti 5 ne, da na auna da lallashi da guje-guje da shafa mai da neman kum sai ga kusan 15, ga yara uku, kin ga inda rabin awa ke zurarewa ban sani ba. Taimtebur ɗin wata ba zai miki aiki ba saboda ba ta san ɗanki mai tsayawa yi wa ƙadangare magana ba. Bayan kin auna ki ƙara minti 15 na ko-ta-kwana, don jariri bai tashi ɓata pampas ba sai kin saka mayafi kin ɗauki jaka, kamar jira yake. Ni ma kayan fitata su ne na ƙarshe, ina gama komai da tsohuwar riga a jikina saboda tumbuɗi.

Shara da mopin da safe, wa ya ce dole ne? Na daɗe ina yi don kar a shigo a ce ƙazama, alhali gidan a kulle yake wuni ba kowa. Na mayar da su yamma. Abin kari kuma ki tsayar da kala biyu ko uku masu sauƙi ki riƙa juyawa, duk abin da za a iya yankawa ko a jiƙa ko a dafa rabi ki yi da dare ki sa a firij, kulolin makaranta a wanke a kife a jere. Tsayawa tunanin me zan dafa da asuba shi kansa aiki ne.

Waya kuma, hmm, ga shi ni ma da ita nake miki rubutu. Amma da dare ita ce ke cinye mu, ki ce bari in huta minti biyar tunda yara sun kwanta sai ki ga sha biyu, kuma na san dalili, shi ne kaɗai lokacin da ba mai kiran Mama. Yanzu a falo take kwana a caji, alam ɗin ma ya fi tashina tunda sai na taka na je na kashe. Da safe ba na buɗe ta sai na shiga mota. In kina shan kofi don ki iya tsayuwa, ki tsaya a safe, wajen awa 5 yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jiki, na la'asar yana nan tare da ke a gado.

Yaran ma ki duba barcinsu, ihun safe da yawa daga nan yake. Ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 yake buƙata, ɗan 3 zuwa 5 kuwa awa 10 zuwa 13 har da na rana. Nawa da sai goma suke kwanciya suna jiran babansu, in tashe su biyar da rabi, to yaya ba za su yi ta kuka a bayi ba. Na dawo da su 8, sati biyu muna dambe kafin su saba. In za ki tashe su ki ɗaga labule ko ki kunna fitila tukuna ki ba su minti kaɗan, haske ne ke faɗa wa jiki gari ya waye. Babbar taki in ta kai shida za ta iya saka kayanta da kanta, maɓalli zai karkace, ki kau da kai.

Ba ki faɗi komai game da maigidan ba, kuma shirun nan na gane shi. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta fitar da rahoto a 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da ba a biya, mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23, ranar da na gani dariya na yi na ce wane namijin ne mai awa ɗayan, a nuna min shi. Nawa dai "ka riƙa taimaka min" bai taɓa aiki a kansa ba, sai ya ce to, shikenan. Sai da na zaunar da shi ranar da muke shiri, ba da safe ana hayaniya ba, na ce wankan namijin da saka masa kaya da cika gorunan ruwa naka ne daga gobe, ni ba zan ƙara taɓawa ba. Ranar farko yaro ya tafi da riga a bai-bai, na cije ban gyara ba. In kin gyara sau ɗaya aikin ya dawo hannunki kenan. Ban ce kowane namiji zai yarda ba, na san halin wasu, kuma ni ma sai da hannun ɗansa ya ƙone kafin ya ji, abin da har yanzu yake min ciwo in na tuna.

Kar ki kwashi duka ki fara gobe, za ki watsar kafin Juma'a. Ɗauki ɗaya, ni da kwandon bakin ƙofa na fara. Wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. Ni ina jin 'yar 254 ce, don har yanzu akwai Litinin ɗin da muke fita kamar an koro mu.

Akwai inda kika ce wataran kina shiga bayi ki kulle ki yi kuka kafin ki tashe su. Wannan layin ne ya sa na zauna rubuta duk wannan. In na gajiya ne zai ragu da kin samu barci. Amma in ya wuce sati biyu kullum, ba kya jin daɗin komai, ko jaririn ma kina jin kamar ba naki ba, ki faɗa wa likita ko nas ranar da kika kai shi rigakafi, ciwon damuwa bayan haihuwa gaskiya ne, hukumar lafiya ta duniya ta ce wajen mace 13 cikin 100 da suka haihu suna shiga irin wannan hali, kuma ana maganinsa. Ni ban faɗa wa kowa nawa ba sai da na kusa shekara, don tsoron kar ya koma kunnen waccan matar.

Wata nawa jaririn naki, kuma sau nawa yake tashi da dare? Ki faɗa min, da ƙarfe nawa kike kwanciya tsakani da Allah ba wanda za ki faɗa don kunya ba, sai mu lissafa tare. In ban amsa yau ba to goma ta yi ne, gobe in na shiga mota zan duba.