Tambayoyinku Kan Fasaha: Yaya aka yi Mortal Kombat 1 ya zo bayan na 11?

Saƙonni huɗu na wannan makon duk a kan gem ɗaya suka faɗa, don haka na haɗe su wuri guda.

Tambaya daga wani mai shagon cajin waya a Gusau: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure a shagona. Na ce Mortal Kombat 1 shi ne sabo, abokina ya rantse shi ne na farko, wai ta yaya ɗaya zai zo bayan sha ɗaya? Mun yi da shi wanda ya faɗi zai sayi shayi da burodi.

Amsa: Ɗan'uwa, je ka karɓi shayinka, amma kada ka yi wa abokin naka dariya, masu gem ɗin ne suka dagula lissafi. Mortal Kombat 1 ya fito a watan Satumba na 2023, shekara huɗu bayan Mortal Kombat 11 na 2019, kuma shi ne na 12 a jerin. Na farko na ainihi ba shi da lamba ko kaɗan, Mortal Kombat kawai ake ce masa, ya fito a 1992.

Kamfanin Midway da ke birnin Cikago a Amurka ne ya yi shi, a lokacin da Street Fighter II na kamfanin Capcom na Japan, wanda ya fito a 1991, yake kwashe kuɗin yara a gidajen wasa. A wancan zamanin irin wannan gem ba a ɗaki ake fara buga shi ba. Wani dogon akwati ne mai allo, ka jefa masa kwabo ka tsaya a tsaye ka buga. Mutum huɗu ne suka haɗa wannan na Midway cikin ƙasa da shekara guda: Ed Boon ya rubuta manhajar, John Tobias ya tsara labari da 'yan wasa, John Vogel ya taimaka da zane, Dan Forden ya kula da sauti. Da farko sun so su gina shi ne a kan ɗan fim Jean-Claude Van Damme, maganar ba ta ƙullu ba, sai suka ƙirƙiri Johnny Cage. Duba haruffan farko na sunayen biyu za ka ga inda aka dosa. Sai bayan shekara 31, a na 2023, aka sa fuskar Van Damme da muryarsa a cikin gem ɗin.

Abin da ya raba shi da na Japan shi ne ba zane aka yi da hannu ba. Mutane aka ɗauko, 'yan kareti da sauran wasannin faɗa, aka sa musu kaya, aka tsayar da su gaban kyamarar bidiyo suna kai naushi da shuri, sannan aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ana yanke su ana zubawa a kwamfuta. Goro mai hannu huɗu kuwa, tunda ba za a samu mutum mai irin wannan halitta ba, ɗan mutum-mutumi aka ƙera, ana ɗan motsa shi ana ɗaukar hoto.

Wurin da ya fi burge ni a matsayina na mai harkar na'ura shi ne yadda ƙarancin memori ya haifi taurarin gem ɗin. Hoton mutum na cin wuri, injin kuma ba shi da sarari. Sai suka ɗauki mutum ɗaya, Daniel Pesina, cikin kayan ninja, suka riƙa canza wa kayan launi: rawaya ya zama Scorpion, shuɗi ya zama Sub-Zero, kore ya zama Reptile, wanda aka ɓoye. Hoto ɗaya, 'yan wasa uku. Shi dai wannan Pesina shi ne kuma Johnny Cage. Muryar da ke daka tsawa lokacin da Scorpion ya jefa igiyarsa ya fizgo abokin karawa kuwa, ta Ed Boon ce da kansa. Akwai kuma baƙin ninja Noob Saibot da ya zo a na biyu a 1993. Karanta sunan daga baya zuwa gaba: Boon da Tobias.

Labarin Ermac ma abin dariya ne. A cikin akwatin akwai wani shafi na masu gyara, inda injin ke ƙirga kurakuran da manhajar ta yi, an rubuta ERMACS a wurin. 'Yan wasa suka hango, jita-jita ta bazu cewa akwai wani jan ninja da aka ɓoye mai wannan suna. Babu shi. Da surutun ya ƙi ƙarewa, a 1995 kamfanin ya ƙirƙire shi da gaske a Ultimate Mortal Kombat 3.

Daga nan aka yi ta tafiya. Na huɗu a 1997 ya bar hoton mutane ya koma zanen kwamfuta mai zurfi. Tobias ya bar kamfanin a 1999. Zamanin PlayStation 2 aka samu Deadly Alliance a 2002, Deception a 2004, Armageddon a 2006, da Shaolin Monks na 2005, wanda mutum biyu ke haɗa kai su bi hanya suna dukan abokan gaba. Wannan na ƙarshen shi ya cinye mini kuɗin tara a gidan gem ɗin unguwarmu, ana zaune a benci ana jiran layi, a ɗauke wuta ana dab da kayar da babban dodo, mai gida kuma ya ce kuɗi sun shiga.

A 2009 Midway ya karye, kamfanin Warner Bros. ya sayi Mortal Kombat, su Ed Boon suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin sunan NetherRealm Studios. A 2011 suka maida labarin baya suka sake faro shi, suka kuma sa masa suna Mortal Kombat ba lamba, ko da yake 'yan wasa na ce masa na tara. Sai X, wato na goma, a 2015, sai 11. A ƙarshen labarin na 11 Liu Kang, jarumin labarin, ya samu ikon sake tsara duniyar gem ɗin daga tushe, wannan ne dalilin sa wa na gaba lamba 1. A ganina dabarar kasuwa ce kawai, don sabon mai saye kada ya ji an yi nisa ba shi.

Tambaya daga wata uwa a Maraɗi: Malam, na leƙa wayar yarona ɗan shekara 11 na ga ana fizge kan mutum har da ƙashin baya, jini ko'ina. Ya ce mini ai wasa ne. In bar shi?

Amsa: Hajiya, kada ki bar shi. Masu gem ɗin da kansu ba su yi shi don yara ba. A Amurka yana ɗauke da harafin M, wato sai ɗan shekara 17 zuwa sama, a Turai kuma lamba 18 ake buga masa. Abin da kika gani shi ake kira Fatality, kisan wulaƙancin da ake yi wa wanda aka kayar, kuma irin tashin hankalin da kika ji iyayen Amurka sun ji shi tun 1993. A ranar 13 ga Satumba na shekarar aka fitar da gem ɗin a na'urorin gida. Nintendo ya maida jinin ya zama zufa mai ruwan toka, Sega kuwa ya ɓoye jinin, wanda ya danna A, B, A, C, A, B, B a hannun gem sai ya bayyana. Kafin a ce kwabo kowane yaro ya haddace. A watan Disamba Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira kamfanonin gem gaban majalisar dattawa, a 1994 kuma aka kafa hukumar ESRB mai sa wa kowane gem alamar shekaru. Kin ga ke nan wannan gem ɗin yana cikin waɗanda suka jawo alamar. Na wancan lokacin ma ɗigon ja ne a allo, na yanzu har kayan ciki ake nunawa dalla-dalla.

Idan wayar Android ce, a shiga Play Store, a je Settings, sai Family, sai Parental controls, a sa lambar sirri a zaɓi shekarun da suka dace. Wannan ba zai goge abin da ya riga ya sauke ba, kuma ba zai hana abokai tura masa ta Xender ba, don haka sai kin riƙa karɓar wayar kina dubawa. In gem ɗin faɗa yake so, Street Fighter da Tekken ba su da wannan yanke-yanken, amma su ma na 'yan shekara 13 zuwa sama ne, kuma shigar wasu matan ciki ba za ta yi miki daɗi ba. Ni da ɗan shekara 11, ƙwallo zan sa masa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Wayata na da ram giga huɗu. Na ga bidiyo a YouTube ana koya yadda ake sauke Mortal Kombat 11 a Android. Na bi, data ta ƙare, gem bai buɗe ba.

Amsa: Ba zai buɗe ba, domin ba a taɓa yin Mortal Kombat 11 na Android ba. An yi shi ne don PlayStation, Xbox, Switch da kwamfuta. Irin waɗannan fayilolin ko dai tsohon gem ne aka canza masa hoton bango, ko kuma manhajar talla ce da za ta yi ta cewa ka sauke wasu manhajoji uku kafin ta buɗe. Goge ta yanzu, ka duba ko ka ba ta izinin karanta saƙonninka, musamman in da wayar kake shiga banki. Na gaskiya da ke Play Store shi ne wanda ya fito a 2015 da sunan Mortal Kombat X, daga baya aka cire masa X ɗin. Tabbatar sunan Warner Bros. ne a ƙasansa. Uku da uku ake karawa, da taɓa allo da jan yatsa, yana cin wuri sosai, yana son intanet, kuma zai yi ta zuga ka ka sayi kati da kuɗi. Mai son irin na hannun gem kuwa, Mortal Kombat: Unchained na 2006, wanda aka yi wa PSP, ƙaramar na'urar gem ta Sony, yana tafiya lafiya a waya irin taka ta manhajar PPSSPP, mai buɗe gem ɗin PSP a waya.

Tambaya daga wani mai gidan gem a Kano: PS4 gare ni guda shida. Zan iya sa musu Mortal Kombat 1?

Amsa: A'a, Alhaji. PS5, Xbox Series X da S, Switch da kwamfuta kaɗai aka yi wa shi, na Switch ɗin ma ya sha suka saboda munin hotonsa lokacin da ya fito. A PS4 iyakarka na 11. Nemi wanda aka rubuta wa Ultimate, shi ne ya haɗa ƙarin labarin Aftermath da 'yan wasan da ake saya daban. In faifai za ka saya, tambayi mai sayarwa ko ƙarin yana cikin faifan ko sai an sauke da lamba, domin lambar da wani ya riga ya yi amfani da ita ba ta sake aiki.