Tambaya da Amsa: Kaushin kiɗan thrash na Finland

Tambaya: Malam, na saurari tsofaffin waƙoƙin thrash metal (wani nau'in kiɗan Turawa mai sauri da ƙarfin jita) na ƙasar Finland a intanet, sai na ji sautin da kaushi ƙwarai, jita tana kururuwa, ganga kuma kamar daga nesa. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. A ƙarshen shekarun 1980 matasan da suka fara wannan kiɗa a Finland ba su da kuɗin shiga babban sutudiyo, don haka da yawansu a ɗakin atisaye suke naɗar waƙoƙinsu a kaset, su kwafa da hannu, su aika ta gidan waya ga masoya a wasu ƙasashe, kuma duk lokacin da aka sake kwafar kaset daga wani kaset, sautin yana ƙara dusashewa. Akwai kuma tasirin kiɗan punk (wani kiɗa mai kaushi na matasa masu bore) na ƙasar, irin na ƙungiyoyin Terveet Kädet da Rattus, wanda ya gadar musu da sauri da fushi.

Ƙungiyar Stone ta garin Kerava ce ta fi fice, ta fitar da faifanta na farko a 1988, mai kaɗa mata jita, Roope Latvala, daga baya ya koma wata ƙungiyar kiɗa ta Finland mai suna Children of Bodom. Airdash ta Helsinki da Prestige ta Tampere su ma sun taka rawa. A ganina, wannan kaushin shi ne ainihin daɗin waƙoƙin, domin ana jin ƙwazon matasan ba tare da an goge shi ba.