Tsohuwar Manhajar FoxPro ko Sabuwa ta Intanet: Wace ce Ta Dace da Shagon Sari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sarin shinkafa, mai da sukari a Maradi, kuma manhajar da muke rubuta shigar kaya, fitarsu da bashin abokan ciniki a cikinta an gina ta ne da Visual FoxPro shekaru da dama da suka wuce. Har yanzu tana aiki, amma ina shirin buɗe reshe a Tasawa, kuma ɗan ƙanena da ya karanta ilimin kwamfuta ya ce a watsar da ita a gina sabuwa da harshen rubuta manhaja na PHP da ma'ajiyar bayanai ta MySQL. Shin sababbin sun fi tsofaffin da gaske, ko yayi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗanku yana da gaskiya a kan inda ya kamata a dosa, amma ban goyi bayan a watsar da tsohuwar manhajar rana ɗaya ba.

Tsofaffin dandamalin nan sun cancanci girmamawa. Tun daga dBase da ya yaɗu a farkon shekarun 1980, zuwa Clipper, da FoxPro wanda Microsoft ya saya a 1992, da Access da shi ma ya fito a 1992, da Visual Basic 6 na 1998, duk manufarsu ɗaya ce: mutum guda ya zauna ya tsara ma'ajiyar bayanai, fuskar shigar da su da takardar rahoto, duk a wuri ɗaya. WinDev na kamfanin PC SOFT na Faransa, wanda masu rubuta manhaja da yawa a ƙasashenmu suka saba da shi, a kan wannan tunanin aka gina shi, sai dai shi ana ci gaba da sabunta shi. Irin waɗannan manhajoji suna gudu da sauri ko a kan kwamfuta mai rauni, kuma ba sa buƙatar intanet.

Rauninsu yana cikin yadda suke ajiye bayanai. A FoxPro, bayananku suna zaune ne cikin fayilolin DBF waɗanda kowace kwamfuta a shagon take buɗewa ta rubuta a ciki da kanta, babu wani mai tsaro a tsakani. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, fayil ko jadawalin nemansa yana iya lalacewa, kuma duk wanda ya kwafe shi a filashi zai iya karanta bashin kowa. Fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 2. Wannan tsari yana tafiya cikin ɗaki guda, amma ba a yi shi don haɗa Maradi da Tasawa ba, masu tazarar fiye da kilomita 100. Ban da haka, Visual FoxPro 9 na 2004 shi ne na ƙarshe. Microsoft ya sanar a 2007 cewa ba wani da zai biyo baya, kuma ya daina kula da shi gaba ɗaya a Janairun 2015. Matasan da suka iya gyara shi raguwa suke yi kullum, kuma wannan ya fi damuna fiye da komai.

MySQL, wanda ya fito a 1995, da PostgreSQL, wanda ya ɗauki wannan suna a 1996, ma'ajiyoyin bayanai ne da suka sha bamban da FoxPro domin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ita ce kaɗai take taɓa su, sauran kwamfutoci buƙata suke aika mata da harshen SQL. Idan aka sayar da buhu 50 bashi, rage buhunan daga sito da rubuta bashin a kan mai saye ana ɗaukarsu a matsayin aiki guda: ko duka biyun su shiga, ko kuma babu wanda ya shiga, ko da wuta ta ɗauke a tsakiya. Ana kuma iya ba yaron shago ikon rubuta ciniki ba tare da ya ga riba ba. MySQL da PostgreSQL suna karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, waɗanda FoxPro ba ya ɗauka kai tsaye, kuma dukansu ana samunsu kyauta.

Sai dai sabon tsari yana da nasa nauyi, wanda matasa ba su cika ambata ba. Abin da FoxPro yake yi shi kaɗai, yanzu sai an haɗa PHP, wani tsarin aiki da PHP irin Laravel, harshen JavaScript da uwar garke, kuma kowannensu yana buƙatar sabuntawa bayan ƴan shekaru kaɗan, in ba haka ba ya zama ƙofar ɓarayin intanet. Idan aka ɗora komai a uwar garken waje, akwai kuɗin haya, kuma duk ranar da layi ya yanke ciniki ya tsaya. Saboda haka na fi son uwar garken ta zauna a shagonku na Maradi tare da batirin riƙe wuta, reshen Tasawa kuma ya riƙe ƙaramar ma'ajiya irin SQLite wadda za ta aika cinikin rana idan layi ya dawo.

Shawarata ita ce a fara da bayanan, domin su ne dukiyar, fuskar manhaja kuwa ana iya sauya ta a kowane lokaci. Visual FoxPro yana iya magana da MySQL ko PostgreSQL ta hanyar ODBC, wato gadar da ke haɗa manhaja da ma'ajiyar bayanai, don haka in kuna da ainihin rubutun manhajar, ana iya mayar da bayanan sabuwar ma'ajiya a gyara tsohuwar ta ci gaba da aiki da fuskar da yaranku suka saba. Daga nan ɗanku ya gina ɓangaren Tasawa, sauran su biyo baya sannu a hankali. A bar tsohon tsari da sabon su yi tafiya tare na wata ɗaya ko biyu, ana gwada jimillar bashi da kayan sito kowane mako har su daidaita. Kuma tun kafin a fara aiki, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa rubutun manhajar da lambobin sirri za su kasance a hannunku, tare da kwafin bayanai da ake ajiyewa kullum a wajen shagon.