Ina dawowa aiki a gajiye, me zan ɗora da daddare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, yarana huɗu, babbarsu shekararta 13. Ba na shigowa gida sai wajen ƙarfe shida, wata rana ma ana kiran magariba. Maigida ya saba da tuwo, yara kuwa in an biye musu indomi za su ci kullum. Wane abinci zan riƙa yi a ranakun aiki da ba zai kai ni bayan isha'i a kicin ba? Wuta ba ta zama a unguwarmu, don haka firjin ma sai a hankali.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya yi wa zuri'a albarka.

In kin lura, ba dahuwar ce ke cinye miki dare ba. Taliya minti goma ta nuna, shinkafa ba ta wuce rabin awa. Abin da ke tsayar da mace a kicin shi ne gyaran kayan miya, aiken yaro markaɗe ya je ya tarar da layi, tsintar wake, da jiran nama ya yi laushi. Waɗannan su za ki kwashe daga daren Litinin ki mayar ranar da kike hutu.

Ranar Asabar ko Lahadi a sayo tumatir, tattasai, attaruhu da albasa na kwana uku. A markaɗa, ki zuba a tukunya ba murfi, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya kama jikinsa. Sannan ki soya da mai wadatacce har man ya taso ya rufe samansa. Kar ki sa nama ko kifi a ciki, gishiri kaɗan ya isa. Ruwan nan da kika ƙone shi ne ke sa miya tsami da wuri, shi ya sa na nace a kansa. Naman ki dafa shi daban da albasa, citta da tafarnuwa, ki soya, ki adana romon a wata roba. Tun da wutarku ba tabbas, ki raba komai a ƙananan robobi yadda za ki ɗauki na rana guda ba tare da kin buɗe sauran ba, kuma in firjin ya huce, ki tafasa miyar sosai da safe kafin ki fita. A haka ma kar ta wuce kwana uku. Wadda ta canza wari ko ta fara kumfa, a zubar, ba a ceto ta da ɗumame.

Da wannan soyayyen kayan miya, daren Litinin zuwa Talata ko Laraba ba su da wuya. Ludayi biyu a tukunya, romon nama, ruwa, kayan ɗanɗano, in ya tafasa ki zuba taliya ko shinkafa, dafaduka ta samu. Washegari ki fere doya ko dankalin turawa, ki jefa a irin wannan romon, in ya fara farfashewa ki watsa alayyahu ki sauke, fate ke nan.

Daga Laraba ko Alhamis kuma ki koma kan kayan da iyayenmu suka dogara da su tun babu firji: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen kifi, wake, garin tuwo. Babu ruwansu da wuta, suna nan a kwano wata da watanni. Ni a ganina miyar kuka ta fi duk wata miya sauri, raina ta kawai ake yi. Ki jiƙa kifin a ruwan zafi ki cire ƙaya, ki ɗora shi da dakakkiyar daddawa, albasa, attaruhu da ɗan manja, ya tafasa kamar minti 15 har daddawar ta daina gafi. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi. Wadda ta juye ta gaba ɗaya ita ke samun gudaji. Minti biyar ta yi, a zuba man shanu in akwai.

A nan maganar maigida ta shigo. Tuwon shinkafa ne mai jan lokaci, shi a bar wa ƙarshen mako. Na semo ko na garin masara da aka riga aka tankaɗe, in kin ɗora ruwansa lokaci guda da miyar, kusan tare za su sauka. Tuwo sau biyu a ranakun aiki ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga macen da ta wuni a tsaye kan marasa lafiya, kuma gara ku zauna ku yi maganar ranar da kowa ya huta, kar a bari sai an ajiye masa taliya ya ɓata rai. Dare ɗaya a mako ya biyo da gurasa da tsire ko balangu, ke kuma ki yanka kabeji, albasa da tumatir. Abincin dare ne cikakke.

Garau-garau ma yana cikin masu rufin asiri, in dai an jiƙa waken tun da safe. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna, ba sai kin cika masa kanwa ba, don in ta yi yawa tana baƙanta shi ta ɓata ɗanɗano. Mai, yaji, ɗan salak da kokwamba, shi ke nan. Ɗanwake kuwa, in kina da haɗaɗɗen garinsa a ajiye, kwaɓawa ne da jefawa a tafasasshen ruwa, sai dai yana da nauyi, wasu ba sa son kwana da shi a ciki.

Indomi ba sai kin hana ba. Ki sa karas, kabeji da ƙwai, ki rage sinadarin da ke cikin ledar zuwa rabi saboda gishirinsa, ki tsayar da ita dare ɗaya a mako.

Abu guda da nake jan kunne a kai shi ne ragowar shinkafa, kuma ke ma'aikaciyar lafiya kin fi ni sani. Dafaffiyar shinkafa in ta kwana a kula, musamman a zafin Maris da Afrilu, ƙwayar cuta na iya sakin guba a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashewa. In ba ki da tabbacin sanyin firji, ki auna daidai wadda gidan zai cinye.

Ita kuma 'yar shekara 13, ta isa ta tsince wake, ta yanka albasa, ta wanke shinkafa ta tsane kafin ki iso, ƙannenta su jera kwanuka, maza da mata. Kunna gas dai a jira ki, sai kin tabbatar hannunta ya faɗa. Idan hunturu ya shigo tumatirin noman rani ya yi araha a kasuwar Bakin Dogo, ki sa a sayo kwando, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, zai fisshe ki a farkon damina lokacin da ɗanyen ke tsada.