Tambayoyinku Kan Fasaha: Drools Ya Ƙi Aiki a Kan Tomcat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a Jos, muna gina wa wata ƙungiyar adashe da ba da rance shafin intanet. Ƙa'idojin rancen, wato wa ya cancanta, nawa za a ba shi, wata nawa zai biya, duk mun zuba su a Drools 5, manhajar da ke zartar da ƙa'idojin da aka rubuta mata. A kwamfutata komai lafiya lau. Da muka ɗora a kan Tomcat, manhajar da ke gudanar da shafin a sabar ƙungiyar, sai ya dinga jefo mana "The type java.util.Map$Entry cannot be resolved". Ƙa'idojin ne ba mu rubuta daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙa'idojinku ba su da laifi, kada ka ɓata dare kana sake rubuta su. Matsalar tana wajen kompaila, wato manhajar da ke mayar da lambar Java zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa.

Drools ba ya karanta fayil ɗin DRL, inda ake rubuta ƙa'idojin, yadda kake karanta wasiƙa. Duk abin da ka rubuta bayan "then" yakan mayar da shi lambar Java, sannan ya miƙa wa kompaila ta sarrafa shi, kuma a cikin sabar ake wannan aikin, lokacin da manhajar ke tashi. Idan ba ka zaɓa masa ba, kompailar Eclipse yake ɗauka, wadda ake kira ECJ. To, ECJ ɗin da ya zo da Drools 5 ya girmi Java 8, wadda ta fito a 2014, saboda haka bai iya karanta azuzuwanta ba, wato fayilolin class ɗinta. Yana cin karo da su sai ya ce bai san su ba. Saƙon da ka turo kusan kullum wannan ne ma'anarsa. Ina kyautata zaton kwamfutarka tana kan Java 7, sabar kuma tana kan 8 ko sama. Buga java -version a duka biyun ka gani.

Akwai kuma wani abin da ke rikita mutane. Tomcat kansa yana da nasa ECJ a cikin foldarsa ta lib, da shi yake sarrafa shafukan JSP, wato shafukan intanet masu lambar Java a ciki. Ke nan kompaila biyu ne masu suna ɗaya a gida ɗaya, kamar 'yan biyun da aka yi wa ɗinki iri ɗaya: ka kira Hassan, Husaini ya amsa. A al'adar Tomcat, yana fara duba WEB-INF/lib na manhajarka kafin ya leƙa tasa foldar. Idan tsohon ECJ yana can, shi zai ɗauka. Idan kuma ka cire shi, sai a faɗa kan na Tomcat, wanda mai yiwuwa bai dace da zubin (version) Drools ɗinka ba, daga nan sai NoSuchMethodError ya biyo baya. Idan babu ko ɗaya, Drools zai ce maka "The Eclipse JDT Core jar is not in the classpath".

Abu na farko: buga mvn dependency:tree, umarnin Maven mai gina manhajar, ka ga wane ECJ ne ke shiga fayil ɗin war ɗinka, wato ƙunshin da kake ɗorawa a Tomcat. Ka tabbata guda ɗaya ne tak, kuma zubin 4.4 ko wanda ya biyo bayansa, domin daga nan ne ECJ ya fara fahimtar Java 8.

Idan kuma kana son sauya kompailar gaba ɗaya, saitin sunansa drools.dialect.java.compiler. A Drools 5 yana karɓar ECLIPSE ko JANINO. Janino ƙarama ce, ba ta da nauyi, kuma a da mutane da yawa da ita suke kauce wa rikicin Tomcat. Sai dai tsofaffin zubinta ba su rufe dukkan nahawun Java ba, ƙa'idar da ta wuce a Eclipse tana iya maƙalewa a wajenta. Ni ba na ba da shawararta ga sabon aiki. A sababbin zubin Drools akwai NATIVE, wato kompailar da ke cikin Java ɗin kanta. Ita ce mafi tsabta, amma da sharaɗi: dole JDK ce a kan sabar, wato cikakkiyar Java ta masu rubuta manhaja. Idan JRE kawai aka girka, wato Javar gudanar da manhaja kaɗai, babu kompaila a ciki, kuma wannan yana yawan faruwa a sabar haya.

Ina za ka rubuta saitin? Mafi sauƙi shi ne ka sa -Ddrools.dialect.java.compiler a cikin CATALINA_OPTS, a fayil ɗin setenv.sh. Amma ka lura, wannan zai shafi duk wata manhajar da ke kan Tomcat ɗin, har da ta wasu idan kuna raba saba. Gara ka ajiye shi cikin manhajarka: a drools.packagebuilder.conf ƙarƙashin META-INF, ko ka miƙa shi ta Properties lokacin da kake gina KnowledgeBuilderConfiguration. Daga Drools 6 kuwa, kmodule.xml ne gidansa.

Sannan ku fara shirin barin Drools 5. Ya tsufa ƙwarai, ga shi kuma kuɗin jama'a ne ke bi ta cikinsa.

Tambaya: Malam, ni a Abuja nake. Muna da ƙa'idoji masu yawa a Drools 7, kuma duk sanda aka ɗauke wuta sabar ta sake tashi, sai mun yi dogon jira kafin shafin ya buɗe. Sauya kompaila zai rage jiran?

Amsa: Zai rage kaɗan, Hajiya, ba wanda za ki ji a jikinki ba. Tambayar da ta fi ita ce: me ya sa ake sarrafa ƙa'idojin a kan sabar tun farko? Ki ware su a nasu aikin Maven, ki sa packaging ya zama kjar, ki haɗa da kie-maven-plugin, sannan ki kunna abin da Drools ke kira executable model, wanda ya shigo a cikin jerin zubi na 7 kuma ya zama na asali a zubi na 8. Da haka ana gama sarrafa ƙa'idojin tun a kwamfutar da ke gina manhajar, sabar ta karɓi azuzuwan Java gamammu. Tashi zai yi sauri, kuma idan wani ya yi kuskure a ƙa'ida, ginin ne zai tsaya a ofis, ba shafin ba a gaban masu neman rance.

Inda wannan ba zai yi ba shi ne idan ma'aikatanku suna sauya ƙa'idoji daga cikin shafin, suna son canjin ya fara aiki nan take. A nan dole kompaila ta zauna a sabar, sai ki bi abin da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Jos.