Daga Mararaba zuwa ofis ba tare da makara ba

Wato matsalarka kullum kana makara saboda motocin haya daga Mararaba ba tabbas ko? Ɗan'uwa ana sallame asuba ka kama hanya, shida ta same ka ka wuce Nyanya, kuma kar ka zauna jiran bas ta cika, wadda ta nufi shataletalen AYA da ke Asokoro a Abuja ka hau ka canza a can.

Dalili kuwa da gari ya waye gosulo ke kamawa a Kugbo, tafiyar rabin awa sai ta cinye awa biyu, na sha ganin haka. Amma don Allah da duhu a tasha za ka hau saboda 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi musu fashi, ko ka samu maƙwabci mai mota ku dinga haɗa kuɗin mai, tunda aka cire tallafin mai a 2023 da yawa haka muke yi.